An ce shawara ce, za ta wuce

Ni 'yar Gwammaja ce, a can aka haife ni, a can na girma, daga can aka kai ni ɗakin miji a Kurna. Kafin aure na yi NCE, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Maigidan kuma yana tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari. Rufin asiri dai muke da shi, ba ma roƙon kowa. Da cikin fari ya tsufa aka mayar da ni gida goyon ciki kamar yadda aka saba.

A watan Afrilun 2020 na haihu, daidai lokacin da aka kulle Kano saboda korona. Duk wanda yake garin nan a lokacin ya san yadda abin ya kasance: kasuwanni a rufe, adaidaita sahu babu, jami'an tsaro a manyan tituna, ga rasuwar dattawa da aka riƙa ji ta ko'ina. Kowa tsoron asibiti yake. A wani ƙaramin asibiti kusa da gida na sauka, namiji, ya yi kuka, ya kama nono. Ko kwana ba mu yi ba aka sallame mu.

Washegari ƙanwata ta fito da shi tsakar gida ta ce, "Umma, zo ki ga idon yaron nan." Farin idonsa ya yi rawaya, haka fatar goshinsa. Matan gidan suka taru a kansa, bakinsu ɗaya: shawara ce, wane jariri ne ba ya yin ta? Kowace ta kawo labarin ɗanta da ya yi ya warke. Aka ce a riƙa shanya shi a hantsi, a ɗiga masa ruwan gulukos, ni kuma a hana ni manja. Ni a lokacin ruwan zafin wankan jego ma ya ishe ni, kuma mai haihuwar fari ba ta da bakin magana a kan ɗanta a gaban manya.

Tun kafin ranar suna yaron ya saki nono. In an sa masa sai ya ɗan taɓa ya koma barci. In ya farka kuma sai wani irin kuka siriri mai tsini, wanda har yau in na tuna shi tsigar jikina tashi take. Sannan ya fara banƙarewa, ƙeyarsa tana neman bayansa. Babana ne ya leƙo bayan sallar asuba, ya dube shi, ya ce wannan ya wuce na gida. Ya buga wa wani maƙwabcinmu mai mota ƙofa. A hanya ana tsayar da mu, Baba yana buɗe zanen yana nuna musu jaririn, ana ɗaga mana hannu.

A Asibitin Malam Aminu Kano likitar da ta karɓe shi ta danna tafin ƙafarsa ta saki, wurin ya fito rawaya shar. Ba ta yi mana faɗa ba. Aka ɗebi jininsa, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi tsirara ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. Da sakamako ya fito aka ce fitilar kaɗai ba za ta isa ba, sai an yi masa canjin jini. Ta cibiya ake yi, ana zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ana mayar masa da wani. Maigidan da ƙannensa suka je ba da jini. Muna asibitin aka raɗa masa suna a masallacin unguwa, babu taro, babu walima.

A nan aka yi mini bayanin da da na so a ce kowace mai ciki a Kano ta ji shi tun a wurin awo. Rawayar nan wani sinadari ne da ake kira bilirubin, yana fitowa ne in ƙwayoyin jini suka farfashe, hanta kuma ita ke fitar da shi. Hantar jariri ba ta yi ƙwari ba, shi ya sa jarirai da yawa suke ɗan yin shawara ta wuce, kuma shi ya sa matan gidanmu ba ƙarya suka yi ba da suka ce nasu sun warke. Amma in sinadarin ya yi yawa sosai, ƙwaƙwalwa yake shiga, ya lalata wuraren da ke kula da motsin jiki da ji. Shawarar da ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko ta zo da ƙin nono, ba ta jira. Hantsi ba ya maganin irin wannan.

Likitar ta tambaye ni, "Maman yaro, da me kuke ajiye kayansa?" Na ce a akwati, da kafur. Tun cikin yana wata bakwai Umma ta wanke kayan ta jera, ta zuba fararen ƙwayoyin nan saboda kyankyaso, kamar yadda ake yi a kowane gida da na sani. Ashe yaron yana da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, ƙarancin da mutane da yawa ke da shi a ƙasar nan, ya fi kuma bayyana a maza. Mai irin wannan jinin, kafur yana farfasa masa ƙwayoyin jini, ko da shaƙa ce ko ta fata. Ta ce har lalle ma a kiyaye masa, da wasu magunguna da ta rubuta mana a takarda. Ta ƙara da cewa ɗa namiji ta wajen uwa yake gadonsa. Maigidan yana tsaye ya ji. Da muka fito ya ce, "Wannan maganar ta tsaya tsakaninmu." Har yau babu wanda ya ji ta daga bakinsa a danginsu, kuma ko me ya faru tsakaninmu daga baya, wannan ina riƙe masa da shi.

Aka sallame mu da yaro mai shan nono, rawaya ta tafi. Kowa ya ce alhamdulillahi, an tsallake. Likitar dai ta ce mu riƙa dawowa, mu kuma lura da wuyansa.

Wata huɗu, wuya bai tsaya ba. In na goya shi sai kan ya langaɓe baya, sai na tallafe da wani zanen. Aka ce maza dama nauyin jiki gare su. Wata shida, in an zaunar da shi an kewaye da filo sai ya zube gefe. Aka ce ƙiba ce, alhali ba shi da ita. Jikinsa wani lokaci ya saki lagwaf, wani lokaci ya ƙame har ba a iya lanƙwasa ƙafar a sa masa wando. Hannayensa suna murɗewa da kansu, in ya so kama abu sai hannun ya tafi wani wajen. A ƙofa a buga, ba ya waiwaye. Ni da na koyar da yara na san abin da nake gani, amma kullum sai na ce bari wata mai zuwa. Yana gab da shekara aka faɗa mana sunan abin: galahanga, wato raunin ƙwaƙwalwa da ke hana jiki motsi daidai. Likitan ya ce raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Abin da ke hannunmu shi ne mu koya wa jikin abin da zai iya koya, mu hana gaɓoɓi ƙagewa, mu tsare shi daga yunwa da ciwon huhu. Gwajin ji ya nuna kunnen ma ya taɓu: yana jin sauti, rarrabe kalmomi ne ke masa wuya.

Ban yi kuka a gaban likita ba. A cikin adaidaita na yi, daga titin Zariya har Kurna, niƙabi ya rufa mini asiri.

Abin da ya biyo baya shi ne lokacin da ya fi kowane ci mini rai. Kowa ya zama mai binciken dalili. Wata ta ce ina fita da almuru da ciki. Wata ta ce na zuba ruwan zafi a makwarara ba bisimilla. Wata ta ce mayya ce ta kama shi ranar da muka dawo daga wanka. Kowane dalili kuma da mai maganinsa, kowane mai magani da farashinsa. An kai mu wajen mai hayaƙi, an kai mu wajen mai tsaga, an karɓi kaza, an karɓi kuɗin turare. Duk wanda muka je wurinsa cewa yake nan da kwana kaɗan zai miƙe. Kuɗin da muka zubar a wannan yawon da ya ishe mu zuwa asibiti na tsawon lokaci.

Wata dattijuwa daga dangin maigidan ta zo duba mu. Ta daɗe tana kallon yaron yana murɗe-murɗensa a kan tabarma, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya. Ta ce, "'Yar nan, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne, musanya aka yi miki. A kai shi bakin kogi a ajiye, ku juya baya, za ki ga ya koma wajen danginsa." Da tausayi ta faɗa, wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro. Na ɗauke ɗana na shige uwar ɗaka, ban fito ba har ta tafi. Na san inda aka yi masa canjin jini, na san fuskar likitar da ta yi, ina da takardar gwajin a cikin jakata. Amma na yi ta tunanin yarinyar da ba ta da takarda, ba ta da uban da zai tsaya mata, aka faɗa mata wannan maganar a daren da ta gaji.

Hayaƙin ne ya kawo ƙarshen yawon. An turara shi a rufe cikin bargo, ya kwana yana tari, ya wayi gari numfashi sama-sama, muka kwanta a asibiti da nimoniya. Babana ya tara mutanen gida ya ce daga yau babu mai ƙara ba yaron nan wani abu. Addu'a kowa ya yi masa daga inda yake, ayoyin tsari uwarsa ta iya, ta tofa masa da kanta. Haka nake yi har gobe, safe da yamma. Ban taɓa ganin karo tsakanin tofi da asibiti ba. Masu sayar da ranar warkewa ne na daina saurara.

Sai muka kama gashi. Mutane suna jin gashin ƙashi suna zaton wata na'ura ce za a sa yaro a ciki ya fito yana tafiya. Yawancinsa aikin hannu ne, kuma yawancinsa a gida ake yi. Ma'aikaciyar takan kifa shi a kan wata babbar ƙwallo ta riƙa jujjuya shi don ya ɗago kai, ta miƙar da ƙafa ta riƙe, ta buɗe yatsun da ya dunƙule. Sannan ta ce in yi a gabanta, ta gyara mini hannu. Ta hana ni goya shi ƙafafu a haɗe, ta nuna mini yadda zan ɗauke shi a ƙugu ƙafa a ware. Ta zana wata kujera mai kusurwa a takarda, na kai wa kafinta a unguwarmu ya buga, muka sa mata katifa da maɗauri.

Akwai abin da ta nema wanda ya fi duk waɗannan yi mini nauyi. Ta ce in riƙa sa fuskata daf da tasa, in kira sunansa, in yi masa magana yana kallon bakina, in yi masa wasa da waƙa, duk yini, ko a gaban wa. To ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin maigidan aka sa masa. Mu an tashe mu a kan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in surukai suna wuri ma yi take kamar ba ta san da shi ba. Ita Ummata har yau ba ta kama sunan yayanmu. Wata rana Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo ta same ni a ƙasa, goshina a kan nasa, ina tafa masa hannu ina rera masa waƙa. Na ji shigowarta, jikina ya yi sanyi, amma a daidai lokacin ya kafe bakina da ido yana ƙoƙarin haɗa leɓɓansa, abin da muka daɗe muna nema. Ban ɗago ba sai da ya gama. Na gaishe ta kaina a ƙasa. Ta yi shiru, can ta ce, "'Ya'yan zamani." Daga baya na ji an ce ba ni da kunya. Amma ita Hajiyar ce bayan wani lokaci ta ce in nuna mata yadda ake miƙar masa da ƙafa, kuma ita ta laƙaba masa sunan da duk muke kiransa da shi yanzu, don in samu abin kira ba tare da na kama sunan surukina ba.

Ciyar da shi wani aiki ne mai zaman kansa. Harshensa turo abinci waje yake, ruwa kuma ƙware shi yake, kuma ƙwarewar nan ita ke kai abinci huhu. Ɗura, wadda ake yi wa yara a toshe hanci, an ce mini ko da wasa kada a yi masa. Sai na ɗaure shi a kujerarsa, haɓa ta ɗan sunkuyo, in dama kunu mai kauri na gero da waken suya da gyaɗa, in ɗebo rabin ƙaramin cokali, in ɗora a tsakiyar harshe in ɗan danna, in jira. Sai na ga maƙogwaron ya motsa sannan in ƙara. Kofi ɗaya yakan kai mu kusan awa, kunun ya huce in sake ɗumamawa. Rabi a cikinsa, rabi a zanena.

Ya kuma yi fama da taune-taune. Ranar farko maƙwabta suka cika ɗakin, wannan na neman cokali ta cusa masa a baki, waccan na neman manja. Yanzu na san abin yi: a kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a sa komai a bakinsa, a duba agogo, in ya kai minti biyar bai saki ba a nufi asibiti. Maganin da aka ɗora shi a kai ba a tsallake lokacinsa, ba a kuma yanke shi kwatsam don an ga sauƙi. Ko abinci babu a gidan, wannan kwalbar ba ta ƙarewa.

Koyarwa dai na bar ta, don babu wanda zan bar wa shi. Na koma ɗinkin hijabi a gida. Shekarar 2023 ta gwada mu. Da farko wahalar takardun kuɗi, kana da kuɗi a banki mai adaidaita ba ya karɓar tiransifa. Sannan aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota ya bi, magani ya bi, famfas ya bi. A bencin da muke jira a wurin gashi akwai matan da ke zuwa daga Jigawa da Katsina, tun asuba suke fitowa. Ɗaya bayan ɗaya muka daina ganinsu. Ba warkewa 'ya'yan suka yi ba. A bencin nan na ji abin da ya sa na daina ganin tawa ta fi ta kowa: wadda aka saka saboda "ta haifo musaki", wadda ke kulle yaron a ɗaki in za ta biki don kada a gani, wadda mijinta bai taɓa ɗaukar ɗan ba ko sau ɗaya. A nan kuma muke musayar dabara, wa ya san kafinta mai sauƙi, wane kanti ne maganinsa ba jabu ba.

Tsakanina da maigidan ma an sha ruwa. Akwai lokacin da ya koma sai dare ya raba yake shigowa, ya ce kasuwa. Na gane kallon yaron ne ba ya iyawa. Danginsa suna ta yi masa maganar ƙarin aure, wai ya samu lafiyayyun 'ya'ya, kamar ni na zaɓo wannan a kasuwa. Ban hana shi ba, na dai ce masa duk wadda za ta shigo ta san da yaron nan ta same shi. Bai yi ba har yanzu, ban kuma ce ba zai yi ba. Abin da ya canza shi ne ranar da na kwanta zazzaɓi ya kai yaron gashi da kansa, ya dawo yana ba ni labarin wai ya riƙe kansa har an ƙirga goma. Tun daga nan Juma'a da safe, kafin a tafi masallaci, shi ke yi masa motsa jiki.

Ya riƙe wuya yana neman shekara biyu. Ya zauna shi kaɗai, hannu a dafe da ƙasa, bayan ya cika uku.

A ƙarshen 2023 na haifi mace. Wannan karon babu kafur a gidan, kuma na ƙi yarda a sallame ni sai da aka duba ta, na sake mayar da ita aka auna jininta kafin suna. Ita ma ta yi shawarar, aka sa ta a fitila, ta tashi lafiya. Fitilar nan dai, irin wadda aka sa yayanta a ciki. Ba zan ɓoye ba, ranar da ta fara tafiya ta wuce shi yana zaune a kujerarsa, farin ciki da wani abu mai ɗaci suka haɗu suka tsaya mini a wuya. Shi kuwa dariya ya riƙa ƙyaƙyatawa duk lokacin da ta faɗi. Yanzu ita ke goge masa yawu da gefen rigarta, kuma ta fi kowa gane abin da yake nufi.

Yau yana jan jiki daga ɗaki zuwa tsakar gida. Yana tsayawa in an sa masa takalman da aka auna masa a Asibitin Ƙashi na Dala, an kuma jingina shi. Kalmominsa ba su da yawa, sai wanda ya saba zai gane su, amma ya san kowa, ya san ƙarar babur ɗin babansa, in an yi baƙo mai kallonsa da tausayi kau da kai yake. Na liƙa hotuna a kwali, kofi, bayi, ƙwallo, tabarma, yana nuna abin da yake so da gwiwar hannu. Ina fita da shi suna da biki. Masu kallo su kalla. In an tambaya nakan ce shawara ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma in akwai mai ciki a wurin sai na ja ta gefe. Kwanakin baya wata maƙwabciyarmu ta haihu, na shiga barka na danna hancin jaririn a hasken taga, na ce a tafi asibiti yau. Kakar ta ce ni komai asibiti. Na tsaya a kansu har mijin ya kira adaidaita.

Abin da ke gabana yanzu biyu ne. Ya yi nauyi, bayana ya fara gazawa, muna tara kuɗin keken guragu irin na yara mai tallafe kai, don na manya zamewa yake a ciki. Sai makaranta. Na san akwai ta masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki, inda kurame da makafi ke karatu, amma daga Kurna tafiya ce, kuma shi yana buƙatar mai ba shi abinci da kai shi bayi. Makarantun kuɗi na kusa da mu da na zaga, wata ta ce iyayen yara za su janye 'ya'yansu, wata ta ce ba su da mai kula da shi. Tun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci a ƙasar nan, amma ban ga alamar masu makarantun sun san da ita ba. Malamin Islamiyyar layinmu ne ya ce in kawo shi ajin safe na ranar Asabar da Lahadi, da sharaɗin in zauna tare da shi. Na ɗinka masa jaka, babansa ya sayo allo. Sauran kwanakin mako kuma ni ce malamarsa, da ragowar kayan koyarwar da na baro aiki da su.